Ranar da Ƙirjin Yaya Rakiya Ya Yi Shiru

Shekara tara ke nan da munka binne yayata Rakiya, kuma har yau in na ji mutum yana jan numfashi da fito, sai tuwo ya fita raina.

Ma'aikaciyar jinya ce. Shekara goma sha huɗu ta yi a wani ƙaramin asibiti wajen Urno, inda ta yi suna wurin masu ciwon fuka, don ita ma da shi ta tashi. In anka kawo mata mai fuka, ba ta fara neman takarda. Sai ta zaunar da shi, ta tambaye shi sunansa da na garinsu, tana saurare ko zai kai ƙarshen magana da numfashi guda. Ta ƙirga numfashin, ta dubi leɓɓansa da ramin wuyansa, hannunta kuwa ya riga ya kai ga maganin shaƙa. Ta sha gaya mani: "Ƙanena, mai fito iska na shiga mashi. Wanda ƙirjinsa ya yi tsit shi ne abin tsoro."

A lokacin kaka ne ta zo hutu gida, kusa da Deule. Mata na sussukar hatsi, ƙaiƙayi ya cika gida. Bayan azahar ciwon ya taso mata. Ɗan famfon da take shaƙa ya ƙare, don kwana biyu kafin nan ta raba shi da wata maƙwabciya. Na ɗora ta bisa babur, munka yi asibitin da ya fi kusa.

Wanda munka tarar yana aiki ya ɗora mata abin saurare, ya ɗan jira, ya ce: "Ai ya lafa, babu fito. Ku kwantar da ita ta huta."

Ta ƙi kwanciya. Ta dafa gwiwoyinta, zufa na zuba, ta buɗe baki kalma ko guda ta kasa fita. Ta damƙe mani hannu tana kallona. Na san abin da take nufi, da bakinta ta koya mani. Amma shi da farar riga, ni malamin lakkol, wato makarantar boko, sai na ji nauyin yi masa gardama. Na yi shiru. Wannan shirun ne nake ɗauke da shi, kuma ba wanda ya ɗora mani shi sai ni.

Sai da leɓɓanta sunka yi duhu ya zabura. Na'urar turara magani na nan, wuta babu. Tulun oksijan na jingine a kusurwa, da anka murɗa shi ko huci bai yi ba. Anka nemo mota, munka kama hanyar Buza. Ba mu kai ba. La'asar ko sanyi ba ta yi ba.

Bana na koma wannan asibitin da matar wani abokina, ita ma fuka. An yi fenti, an kafa sola bisa rufi, an kawo sabuwar na'urar oksijan. Na'urar na cikin ɗaki a kulle, mabuɗi na wurin majo, wato shugaban wurin, shi kuwa ya tafi taro Madawa. Wannan karon na ɗaga murya har anka ɓalle ƙofar. Matar ta rayu. Ban ji daɗi ba, haushi na ji, don ashe abin da ake buƙata bai wuce haka ba.

Da Rakiya za ta ga wannan, ban jin fentin zai burge ta. Za ta tambaya wa anka koya wa duban mai fuka a mintin farko, kuma wa ke leƙa tulun nan kowace safiya.

Mi ya rage nata? Ba a sa sunanta bisa wani ɗaki ba. Akwai dai mutanen da ke noma yau, suna aurar da ɗiya, don ta tsaya kansu. Akwai ɗiyarta Hadiza, wadda ta rantse ba za ta yi aikin jinya ba, kuma ban ga laifinta ba. Rai na Allah ne, na yarda. Sakaci kuwa namu ne.

Mutumin nan da ya ce mu kwantar da ita, yanzu an yi masa ƙarin girma. Watan jiya munka haɗu wurin wani suna. Bai gane ni ba. Ya miƙo hannu da fara'a, ya ce: "Malam, ina iyali?"

Na karɓi hannun, na ce: "Lafiya lau."