Fir'aunan Bangon Kafili

A Sudan aka koya mini cewa Fir'auna guda ɗaya ne, kuma ruwa ya ci shi. Sai da ɗana ya shiga makaranta a Jidda, hannun wani malami Bamisire, na ji ashe suna da yawa kamar awaki.

Kullum yaron nan sai ya dawo da labarin wani daga cikinsu. Wai ya je yaƙi an kusa gamawa da shi, ya dawo gida ya sa aka sassaƙa a duwatsu cewa shi kaɗai ya kori runduna. Wai in ya ga ginin wani sarki ya burge shi, sai ya kankare sunan mai shi ya sa nasa. Na ce, "To wannan ai ɓarawo ne mai gatari."

Muna zaune a Sharafiyya, ɗaki biyu a bayan gidan kafilin maigidana, wato Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar. Iƙamarmu, takardar izinin zama, duka a hannun kafilin take. Ran nan ɗan kafilin ya lakaɗa wa nawa duka har leɓe ya fashe. Bayan la'asar na fita shanya, sai ga sabon bangon kafili an zane shi da ƙusa: wani ƙato ya taka wani ɗan mitsitsi.

Har na hango an kore mu, muna jirgin ruwa da ƙullin kayanmu. Na shafa farar ƙasa, zanen ya ƙara fitowa raɗau. Na ƙwala wa ɗana kira.

"Wane ne ƙaton?"

"Ni ne, Umma."

"Kai da aka zaune wa a ciki? Yalla, maza ɗauko ƙusar."

Ban iya rubutu ba, don haka na riƙe kunnensa har ya rubuta sunan ɗan kafili a saman ƙaton, yana kuka da majina.

Da kafili ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallo, ni kuwa ina bayan labule ina karanto duk addu'ar da na sani. Sai na ji ya ƙyalƙyale da dariya, yana kiran matarsa ta zo ta ga zakinta. Ya hana a shafe.

Kwana uku ɗana bai yi mini magana ba. A na huɗu ya ce na zalunce shi. Na ce a wurin Fir'aunan malaminsa na koya, halas, magana ta ƙare.