Kafson Dubiya

Damina ce, irin ta Inugu wadda ba ta san ɗaukewa ba. A garinmu ruwa kan zo da iska da tsawa, ya yi abinsa ya wuce. A nan kuwa sai ya wuni yana zuba a hankali, bango ya jiƙe daga ƙasa, katifa ta riƙa warin sanyi, wanki ya yi kwanaki a igiya bai bushe ba. Shekarar duk ta zo da nauyi. Maigidana yana bin motar albasa zuwa Anaca da Fatakwal, sai a daɗe ban sa shi a ido ba, kuma a gidan hayar da muke zaune a unguwar Abakpa babu ɗakin da ba a jin tari a cikinsa.

Duk matan gidan 'yan Arewa ne, kowacce da garinta. Mai gidan wata Hajiya ce, dattijuwa, da ta zo garin tun tana amarya. Ita ce uwarmu. Ita ta yi min wankan jego da na haifi autata, ita ke raba mu in an yi faɗa a bakin famfo. Wadda ta zauna a garin mutane ba dangi ta san abin da nake nufi.

Muna da wata al'ada. In yaro ya kwanta, mata kan shigo dubiya, kuma ba a zuwa hannu sake. A gida da fura ko lemo ake zuwa. A nan, ban san wadda ta fara ba, sai aka koma kawo ragowar magani. Kowa na da shi a gwangwanin madara ko ƙasan akwati: kafso ja da baƙi, ja da rawaya, wanda aka sayo a kemis, aka sha rabi, aka ji sauƙi, aka ajiye. Mace za ta ajiye miki a gefen tabarma ta ce, "Wannan shi ya tashi nawa." Sai a ɓare kafson, a zazzage garin a kunu, a ɗura wa yaro. Ƙin karɓa kamar ki ce ba ki yarda da zuciyarta ba ne.

A lokacin jikan Hajiya yana kwance a babban asibiti. Yaro ne ɗan gata, ko atishawa ya yi sai an ɓare masa kafso. Wannan karon tari ya sauka masa a ƙirji da gaske, kuma labarin da ake dawowa da shi kullum ɗaya ne: an canza allura, ita ma ba ta kama ba. Ba a faɗinsa da ƙarfi. A bakin murhu ake faɗa, da raɗa.

Ana cikin haka autata ta tashi da zazzaɓi da majina da tari. Shekararta biyu da ɗoriya. Na goya ta, na lulluɓe mu da leda, na hau okada zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Nas ɗin da ke duba yara 'yar ƙabilar Ibo ce, a Jos ta girma, Hausarta tana da daɗi. Sista muke ce mata. Ta huda yatsan yarinyar ta duba, ta ce ba zazzaɓin sauro ba ne. Ta saurari ƙirjinta gaba da baya. Sannan ta sa na ɗaga mata riga, ta zauna tana kallon numfashinta, har na fara jin tsoro.

"Ƙirjinta fes yake, Maman bebi. Mura ce."

"Sista, ba za ki rubuta mana kafso ba? Ko na ruwan nan?"

Ta yi 'yar dariya. "Da ku da mutanena, a nan kaɗai bakinku ya zo ɗaya. Kowa kafso." Sai ta daina dariyar. Ta ce abin da ke kawo mura kafso ba ya taɓa shi, da kansa zai wuce. Amma in ana ba yaro ba dalili, yau a ba shi, gobe a ba shi, ƙwayoyin cuta sai su saba. Ranar da ake bukatar maganin da gaske, sai ya zama kamar garin rogo aka ba shi.

Jikan Hajiya ya faɗo min a rai.

Ta kama yatsana ta ɗora a ƙasan haƙarƙarin yarinyar. "Nan za ki riƙa kallo. In wurin nan yana lotsawa ciki lokacin da ta ja numfashi, ko numfashin ya yi sauri kamar wadda ta yi gudu, ko ta ƙi shan komai, ko jikinta ya saki, ki ɗauko ta a take, kada ki jira ruwa ya tsaya." Ta ba ni maganin zafin jiki, ta ce ruwan ɗumi da zuma da haƙuri.

Ko da na dawo, an riga an ajiye min kafso kala-kala a kan tabarma. Maƙwabciyata Bakatsiniya, mai yawan barkwanci, ta leƙa ledar hannuna.

"Iyakacinsa ke nan? Ai da ni kika ba kuɗin okadar, Yaya. Ni ma na iya cewa mura ce."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na tattara maganin na gode wa kowa. Da suka fita na bi rubutun jikin magungunan da yatsa, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Wasu sunan ya goge, wasu an yanke su da almakashi ta yadda ba abin da ya rage sai haruffa biyu.

Bayan la'asar Hajiya ta dawo daga asibiti. Na ji takunta ya wuce ɗakinta, jim kaɗan ya nufo nawa. Mayafinta a jiƙe yake, ba ta ko canza ba. Kofi ne a hannunta, kunun gyaɗa mai zafi, da kanta ta dama, garin kafso yana yawo a samansa.

"Ungo, 'yata. Ki ba ta yanzu."

"Hajiya, ya mai jiki?"

Ta dubi yarinyar a kwance, ta daɗe. "Kada ki yi wasa da tari. Nawa ma da mura ya fara."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce, "To, Hajiya, bari ya huce." Na ajiye shi a kan taga.

Da magariba maigidana ya kira daga Fatakwal. Na faɗa masa duka. Ina jin hayaniyar tasha a bayansa, ya ce, "Ki bi abin da Hajiya ta ce. Ta fi mu sani. In wani abu ya faru, me za mu ce wa mutane?"

Abin da ke cina ke nan. In na ba ta, na san inda hanyar take kaiwa, domin ga mai jiki can ana canza masa allura. In ban ba ta ba kuma abin ya juya, gidan nan kaf za a ce na bar maganar uwa na bi ta baƙuwa, na zauna ina kallo da magani a kan taga. An ɗauke wuta. Na kunna fitilar waya, na ɗaga wa yarinyar riga, na zuba wa ƙasan haƙarƙarinta ido. Duk tarin da ta yi sai in ga kamar ya lotsa, in ta lafa sai in ga bai lotsa ba. Na ɗauki kofin na mayar ban san sau nawa ba. Kunun ya huce, ya yi fata a sama. Ta bango ina jin Hajiya tana waya, ba ta cewa komai sai "to", "to", daga baya ma na daina jin hakan.

Da gari ya waye tarin yana nan, ya ma ƙara kauri. Jikin da ɗan sauran ɗumi. Amma ta buɗe ido ta ce shayi, kuma wurin da Sista ta nuna min yana tashi yana sauka lafiya. Ban san abin da yammacin ranar zai kawo ba.

Na zubar da kunun a kwata, na wanke kofin. Da na so, sai in aika da shi, kowa ya ɗauka an sha. Na goya yarinyar na tafi da kaina. Hajiya tana kan sallaya, ga kwandon abincin asibiti an shirya a bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye kofin a gabanta.

"Hajiya, ban ba ta ba."

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta dubi kofin, ta dubi kan yarinyar da ke leƙowa ta kafaɗata. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma sa min albarka yadda ta saba ba. Na jira a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi. Da ta miƙe, na riga ta ɗaukar kwandon, na bi bayanta cikin yayyafi har bakin titi, na tsaya ina tare mata keke.