Jar Fitilar Da Na Rufe Da Salatif

A lokacin ina koyarwa a wata lakkwal a Dogon Dutsi, kuma ba ni da wata cuta sai son mota. Ko ina cikin aji, ƙarar inji kawai nake ji in gane irin wadda ta wuce. Da na samu labarin wata tsohuwar motar Turai, ja, mai ƙofa biyu, da wani ɗan kasuwa ke neman rabuwa da ita a kuɗin da bai kai na babur biyu ba, ko ciniki ban tsaya yi ba. Kai, ranar da na shigo da ita gari! Sau uku na zagaya tasha alhali ba ni da abin yi can. In na taka ta a kwalta sai in ji kamar ni na ƙera ta. Wallahi na so motar nan, har yau in na tuna kukan injinta sai na yi murmushi.

Sayenta ne kawai araha. Asans, wato fetur, take sha ba ƙaƙƙautawa, ga asiransi, kuɗin inshora ke nan, ga tayoyi, ɗan ƙarfe kaɗan ya lalace sai an aika Yamai ko Sakkwato. Matata takan tsokane ni cewa ba ta gane wa ke hawan wani ba tsakanina da motar. Wata rana wata jar fitila ta fara kamawa a gaban sitiyari. Bakanike ya ce famfon man inji ne ya gaji, in bar masa ita mako biyu kafin sabo ya iso. Mako biyu a ƙasa, ni da gari ya san ni da jar mota? Sai na yanko baƙin salatif na liƙe fitilar, na ci gaba da yawona.

Ana haka matata ta haifi ɗiya mace, bayan shekaru muna jira. Sunan Innata za a sa mata, kuma tsohuwar ta daɗe tana cewa burinta ta ji an raɗa sunan da kunnenta. Ƙanena ya ce a sa ta a motar kasuwa daga ƙauyenmu Dogon Kiriya tun da kwana biyu. Na ƙi, na ce ni zan ɗauko ta a gidan gaba, ƙauye ya gani. Ƙauye kuwa ya gani! Mata na guɗa, Inna ta zauna ta gyara mayafi tana ta sa mini albarka, an cika bayan mota da gero da man shanu. Ana gobe suna ke nan. Muna tsakiyar rairayi da la'asar injin ya yi wata ƙara, ya ɗauke. A wata ruga muka kwana, da safe amalanken jaki ya fitar da mu hanya. Da muka iso gida azahar ta yi, an raɗa suna, an yanka rago, mutane sun watse.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta karɓi jaririyar, ta tambayi matata a hankali ko liman ya faɗi sunan da ƙarfi yadda kowa zai ji. Na fita waje don kada a ga hawayena.

Masu son mota irina, ku saya, daɗinta ba ƙarya ba ne. Amma kafin ku biya, ku tambayi inda kayan gyaranta suke, kuma in ta nuna ciwo ku saurare ta. Ni dai na samu wani inji daga baya. Safiyar da na hana uwata kuwa, ba a sayar da ita ko a Yamai.