Filin Borodino a Kan Ledar Abincinmu

Shekara shida ke nan da muka binne Abba a Riyad, kuma har yau idan aka shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa, filin yaƙi nake gani.

Likitan ƙashi ne. A Mosko ya yi karatu kafin aiki ya kawo shi nan. Yana ɗalibi aka kai su Borodino, inda sojojin Faransa da suka kutso Rasha suka gwabza da masu ƙasar a 1812, dubban mutane suka mutu tsakanin safiya da magariba. Ya ce shi ciyawa kawai ya tarar, da iska, da wata tsohuwa tana kiwon akuya.

Ranar Juma'a bayan an ci abinci, a gidanmu na unguwar Murabba, sai ya jera mana yaƙin. Dabino ne Faransawa, finjalan gahawa Rashawa, tiren shinkafa kuma tudun da aka fi zubar da jini a kansa.

"Ya walad, ka cinye mini rundunar dawakai," in ji shi, yana ce mini yaro da Larabci, idan hannuna ya kai ga dabinon.

Umma kuwa sai ta ce, "Dakta, miƙo Rashawan nan in wanke su."

Ni mai son a faɗa mini abu daidai ne, don haka kullum sai na tambaya wa ya yi nasara. Maimakon amsa, sai ya ja finjalan baya ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Rashawa sun janye, sun bar matattunsu a fili, sun bar har birninsu, amma rundunar ba ta watse ba. Ina jin hankalinsa na wurin ƙafafun sojojin da aka yanke ba maganin kashe zafi.

Nakan tambayi kaina me zai ce yau, da yaƙi ke shigo mana ta waya, mutum ya ga gawa ya ture ta da ɗan yatsa. Ina jin kife wayar zai yi. Bai yarda a ba da labarin mutuwa da gaggawa ba, kuma wannan halin ne babban abin da ya bar mini.

Umma da ƙannena sun koma Zariya bayan takaba. Ni na tsaya da iƙamar jami'a, wato takardar izinin zama, don na kasa barin Abba shi kaɗai. Yanzu karatu ya ƙare, iƙamar ma ta kusa.

Makon jiya na je maƙabarta. A nan ba a rubuta suna, dutse ne a kai, dutse a ƙafa. Da kusurwar katanga nake gane kabarinsa, sai na tarar an ƙara layuka, iska ta daidaita ƙasar. Na yi ta kai da komo ban tabbata ba. Ƙarshe na yi wa layin duka addu'a, har waɗanda ban san ƙasarsu ba.

Daga bakin ƙofa na kira Umma. Ta ce, "Ka same shi?"

Na ce, "Yana cikin mutane, Umma."

Ta ce, "To, taho gida."