Uwar Bargon Dulamsuren

Dulamsuren ba sha'awar birni ce ta kawo ta Ulambato, babban birnin ƙasarsu, ba. Sanyin shekara guda ne ya kashe mata tumaki kaf, sai ta kwance ger ɗinta, ɗakin nan na makiyaya da ake naɗewa a tafi da shi, ta kafa a gangaren Cingeltei da ke gefen birnin, cikin dubban irinsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ɗakin ya tsufa tare da ita. Bargon gashin tumakin da ke lulluɓe da shi ya siɗe, iska na shiga ta gindi yadda ta ga dama. Murhu kan lamushe buhun gawayi a yini, in ya ƙare ta koma ƙona kwali da tsohuwar taya. Ranar da ɗanta Gansuk ya tarar da shayin madara ya daskare a tukunya, ita kuma tana ta tari, ya yanke magana: sanyi mai zuwa zai kwashe ta zuwa gidansa a hawa na tara na wani dogon bene, ger kuma a sayar. Ba mugun ɗa ba ne, tsoro ne ya kama shi. Ita kuwa ko sunan hawa na tara ba ta son ji.

Da zafi ya shigo ta bi 'yan kasuwar fata tana roƙon kaushin gashin da suke zubarwa. Ta wanke, ta zauna tana bugunsa da sanduna biyu har ya yi laushi, maƙwabta na leƙe ta katanga suna cewa tsohuwa ta fara taɓuwa. Sannan ta ciro abin da ta ƙi rabuwa da shi tun daji, wato uwar bargo. Sabon bargo ba ya samuwa sai an shimfiɗa gashi a kan tsoho, a yayyafa ruwa, a naɗe su tare, doki ya yi ta jan naɗin a fili har gashin ya kama juna. Tsohon ake kira uwa, sabon 'ya. To, ina doki a Cingeltei?

Ta nufi Tumur, maƙwabcinta mai motar haya. Ya ce shi fasinja yake ɗauka, ba jan tsumma ba.

"Kai ɗan nan, na taɓa hawan dokin da ya fi motarka tsufa, bai yi min gardama ba. Ɗaura igiya."

Ya ɗaura. Wuni guda suna kai da komo a filin ƙwallo, tana gefe tana tsawa in ya taka da yawa. Da aka warware, 'ya ta fito fara sol, kaurinta ya kai yatsa biyu. Dulamsuren ta shafa ta, ta yayyafa mata madara don neman albarka, ranta fes. Haka suka yi sau biyar. Ta ninka rufin, ta yi wa gindin ɗakin zane har ƙasa ta danne da yashi, ta lulluɓe ƙofa. Masu dariyar nan su suka fara zuwa aron uwar bargo, ita kuma ba ta bayarwa sai ta bi ta tsaya a kansu.

A tsakiyar sanyi Gansuk ya iso da motar kwasar kaya. Ya sunkuya ya shiga, ya zauna. Can ya tuɓe hula, ya tuɓe babbar riga, ya shiga share gumi. Ya tambayi gawayi, ta nuna masa buhun da ta buɗe shekaranjiya, bai kai rabi ba. Ta miƙa masa shayi tana kallonsa yana laluben bango da hannu.

Ya fita ya sallami direban. Da ya dawo sai ya ce:

"Inna, ran Asabar zan kawo miki jikarki ta kwana biyu."

Yarinyar shekararta huɗu, ba a taɓa yarda ta kwana a ɗakin kakarta ba saboda sanyi.