Cibiyar Jikar Mma Abiba

Kowa a unguwar Morrisania ta Bronx ya san Mma Abiba mai aikin kula da tsofaffi, kuma kowa ya san kada ka kuskura ka tambaye ta garinsu idan kana sauri. Keta ce, a bakin tekun Ghana, sai ta zayyana maka ita kaf. Siririn rairayi ne, teku ta nan, tafkin gishiri ta can, yaro ya hau kwakwa yana hango duka biyun. Gishirin nan ne ya jawo kakanninta fatake daga Arewa, suka sauke kaya kusa da kasuwa, ba su sake ɗauka ba. Tana yarinya suna wasan ɓuya a gindin tsohuwar ganuwar Turawa, inda aka taɓa tsare bayi, ƙamshin bandar kifi na bin su har makarantar allo.

A gidansu, duk jaririn da cibiyarsa ta faɗi, gindin kwakwar bayan gida ake binne ta, don kada yaro ya tashi bai san gida ba. Tata tana can, ta 'yarta Safiatu ma haka. To Safiatu ta haihu a nan Bronx, cibiya ta faɗi, wai sai ta nufi kwandon shara da ita! Mma ta fizge, ta ƙulle a ƙyalle, ta samo matafiyi, sannan ta kira ƙanenta Gafaru a waya.

"Gafaru, saƙo na tafe. Gindin kwakwar baya za ka haƙa."

Ta ƙara manna wayar a kunne, ta ɗaga murya.

"Ka kurmance ne?"

"Yaya, wace kwakwa? Ruwa ya cinye gidan tun kafin a jera duwatsun tare teku. Masunta ke jefa taru a wurin yanzu."

Ku ji fa! Shekara da shekaru tana tambayar gida yana cewa lafiya lau, wai kada hawan jininta ya tashi. Ai wannan ba tausayi ba ne, cin amana ne.

Ta daɗe zaune da ƙullin a cinya. Safiatu ta ce, "Mma, ki aika masa mana, ya binne inda suka koma."

"Gidan haya a bayan tasha? Jikar tawa? Allah ya kiyaye."

Ranar Asabar ta tasa Safiatu gaba zuwa lambun unguwa, inda take da ɗan fegin attarugu tsakanin benaye. Ta durƙusa da ƙyar, ta haƙa rami da cokalin miya, ta yi bisimilla, ta saka ƙullin, ta mayar da ƙasa ta danne da tafin hannu.

"Ko kun tashi daga unguwar nan, fegin nan ba a sakinsa. Ki riƙa zuwa ban ruwa."

"Mma, ni fa ban iya noma ba."

"Za ki iya. Kama ni in tashi."