Takun da Na Ƙara wa Duro

Shekara talatin na yi ina tuƙa bas daga Sabon Gari zuwa unguwannin bayan gari, kafin gwiwata ta dama ta ce ta gaji da taka birki. Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, wayar hannu ta shigo, kowa a Kano yana tafe yana surutu shi kaɗai. Kamfaninmu ma ya fara buɗuwa. Maigidan ya sayo sababbin motoci, ya sa aka maƙala wa kowacce wata 'yar na'ura mai gaya wa ofis inda motar take da irin gudun da take yi. Direbobi suka raɗa mata suna 'yar tsegumi.

Sai kuma ya ɗauko mai kula da ma'aikata, wata 'yar ƙabilar Ibo haifaffiyar Sabon Gari, wadda muke kira Madam. Hausa a bakinta tar. Ran nan ta kira ni ofis.

"Baba, an ce duk garejin nan ba wanda ya kai ka sanin mota."

Na ce, "Ƙarya aka yi miki, amma don Allah kada ki gyara."

Haka na zama mai horar da direbobi. Ni da aji uku na yi a firamare, na ukun ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. Aka ba ni riga mai aljihu da biro. Madam ta zana min akwati biyu a takarda: wanda ya ci in ja layi a na dama, wanda ya faɗi a na hagu. Wannan karatun kam na iya shi.

Da safe ita take koya wa sababbin direbobi yadda na'urar take aiki da yadda ake yi wa fasinja magana. Bayan azahar sai ta miƙo min su. Akwai fili a bayan gareji, in ajiye duro biyu, taku huɗu tsakaninsu, ina ƙirgawa da ƙarfi kowa yana ji. Direba ya shigo da bas da baya ta tsakani. Ya taɓa duro, ya faɗi.

Abin da ba a gaya min ba shi ne rigar nan tana korar mutane. In na doso teburin mai shayi sai hira ta mutu, a ce, "Sannu, Oga." Gida kuma ba kowa, maiɗakina ta rasu, yara kowa ya kama gabansa. Mutum ɗaya ne ya rage yana zagina kamar da. Bayarabe ne haifaffen Fagge, tare muka yi kwandasta tun ba mu da gemu. Da ya hango ni zai ɗaga murya: "Ku matsa, ga Farfesa! Farfesa, rubuta min sunanka in ga." In ce masa tsohon banza, ya ce min gurgu mai biro. Sai in ji ranar ta yi kyau.

Wata rana Madam ta ce tsofaffin direbobi ma sai sun shiga gwaji. Ta ce 'yar tsegumi ta nuna akwai motar da take yawan cin birki ba gaira ba dalili. Ba ta faɗi ta wa ce ba, ni ma ban tambaya ba, don na sani. Motar mutumina Bayaraben nan ce, yanar ido ta fara rufe masa gani. Na sha ganin ya kai hannu zai ɗauki kofin shayi ya kama iska. In ya faɗi kuwa, mukulli zai ajiye, ya bar garejin.

Ranar gwajinsa matasan direbobi sun cika gefen fili, Madam tana tsaye da takardunta. Na fara taku: "Ɗaya, biyu, uku..." sai na tsunduma tari, na saci taku guda a cikin tarin, sannan na ce, "Huɗu." Har na yaba wa kaina. Na ce a raina, aji uku ma ba wasa ba.

Ya shiga mota, ya sa giyar baya, ya wuce sumul. Aka yi tafi. Na ciro biro.

Sai ya sauko. Bai kalle ni ba, ya je ya tsaya a jikin duro ya fara takawa a hankali. Taku biyar cif.

"Farfesa, yaushe huɗu ta zama biyar?"

Na ce, "Gwiwar nan ce, takuna ya gajarce."

"Da ya gajarce ai matsewa za su yi." Ya juyo, muryarsa ta yi ƙasa. "Ni za ka yi wa sadaka? A gaban waɗanda na koya wa riƙe sitiyari?"

Da hannunsa ya jawo duron ya mayar da shi inda ya kamata. Ya koma mota. Ina tsaye ina jin ƙarar injin, na san tun daga yadda ya karya kan cewa bai ga na hagu ba. Bayan motar ya daki duron, ya gangara yana ƙara har jikin katanga. Ba wanda ya yi dariya.

Ya kashe mota, ya wuce ni, ya miƙa wa Madam mukulli. "Madam, ki ja layin da kanki. Bironsa ya koyi ƙarya."

Da aka watse ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Baba, da ya wuce, gobe ya kwashe mai turin kura a bakin Kasuwar Singa, wa ya kashe shi?" Ba ta kore ni ba. Washegari dai ta sa aka zo da fenti aka shata wurin kowane duro a ƙasa. Daga ranar ba a ƙara bukatar ƙafata ba, sai ido da biro.

Mutumina kuwa ɗansa yana da shagon sari a Kasuwar Singa, can ya koma zama. Na bari aka yi sati biyu sannan na je. Na same shi a kan benci da carbi. Ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi min ba.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ya aiki? Ya jikin?"

Na ce, "Kai makaho, ni ne fa."

Ya ce, "Allah ya ƙara mana lafiya baki ɗaya. Me za a kawo?"

Na duba shagon, na ce sabulu. Su kuwa ba sa sayar da ɗaiɗai, sai katan. Na ɗauko katan guda a kai, ina ɗingishi har bakin titi.

Na koma bayan wata guda, na sake komawa. Kullum zai miƙe, ya gaishe ni gaisuwar da ake yi wa baƙo, ya tambayi abin da za a kawo. Har na bar aiki ban daina zuwa ba. A ɗakina na Fagge katan ɗin sabulu sun kai taga, ni kuwa kayan wankina duka riga uku ne.